Asibitin Soja: Daga Iyakar Illo Zuwa Dungurum da Kaduna

Sunan Illo, tsohon garin nan na ƙasar Bagudo da ke hayin Kwara ta yamma, yana cikin yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka sa wa hannu a birnin Paris ranar 14 ga Yuni, 1898. A takardar an ce iyaka za ta faɗo kogi ne mil goma sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Da wannan layi aka tsaga ƙasar Bargu gida biyu: Illo da Busa suka faɗa hannun Ingila, Nikki ta tafi ga Faransa. Shi ne layin da ya raba Jihar Kebbi da Jamhuriyar Benin a yau. Rigimar da ta kai ga rubuta takardar ita ce ta haifi rundunar da ta rikiɗa ta zama sojan Nijeriya, kuma tare da rundunar aka haifi asibitinta. Sai dai tun ranar farko babban asibitin yana nesa da bakin iyaka, kuma duk ƙaurar da ya yi daga baya ƙara nisa ya yi.

Rigimar ta soma zafi a 1894. Kamfanin Neja na George Goldie ya ji Faransawa sun taso daga Dahome za su nemi Sarkin Nikki ya sa musu hannu, sai ya ɗauko wani kyaftin mai suna Frederick Lugard, wanda Hausawa suka sani daga baya da Gwamna Lugga, ya ce ya riga su. Lugga ya isa Nikki a watan Nuwamba, ya samu takardarsa, ya juyo kafin ayarin Kyaftin Decoeur ya iso. A hanyar komowa Bargawa suka tare shi. Kibiya mai dafi ta huda hularsa ta kafe a ƙashin kansa, sai da aka sa ƙarfi aka zare ta. Mutanen da ke tare da shi suka yi ta kawo makari iri iri, shi kuwa bai ƙi ko ɗaya ba, ya tauna na taunawa ya sha na sha. Ya rayu. Wato mutumin da zai kafa rundunar, jinyar farko da aka yi masa a wannan ƙasa ta 'yan dako ce da sojan haya, ba ta likitan Ingila ba.

Dafin nan ba abin wasa ba ne. Da 'ya'yan ƙwanƙwani ake haɗa shi, kuma zuciya yake kamawa. In ya shiga jini sosai, mutum ba ya daɗewa. Bargawa sun shahara da shi ƙwarai, shi ya sa maƙwabtansu suka daɗe suna shakkar shiga dajinsu.

Takardar Lugga ba ta hana Faransawa komai ba. A farkon 1897 wani hafsansu, Bretonnet, ya kafa sansani a Illo, ya gangara ya zauna a Busa. Sakataren mulkin mallaka na Ingila, Joseph Chamberlain, ya ga 'yan sandan kamfani ba za su iya ba, ya ba da umarni a kafa runduna ta gwamnati, Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, Lugga ne kwamanda, James Willcocks mataimakinsa. Aka ɗebi Hausawa da Yarabawa da Nufawa, aka horar da su a Lakwaja da Jabba. A farkon 1898 Willcocks ya shiga Bargu yana kafa tuta kusa da duk inda Faransawa suka kafa tasu, soja na kallon soja, kowa hannunsa a kan kunama. Allah bai nufa an yi yaƙin ba. Amma rundunar ta yi asarar mutane, kuma ba harsashi ne ya ci su ba.

Turawa sun san abin da ke jiransu a Kwara. A 1841 sun turo jirage uku da Turawa wajen ɗari da hamsin, zazzaɓi ya kashe fiye da arba'in cikin 'yan watanni. A 1854 wani likitan sojan ruwa, William Baikie, ya hau Kwara da Binuwai a jirgin Pleiad, ya sa kowa shan kwinin kullum, ya komo bai rasa Bature ko ɗaya ba. Shi ne kuma ya zauna a Lakwaja daga baya yana ciniki yana ba da magani. An san kwinin yana aiki, amma ba a san dalili ba. Dalilin ma daga asibitin soja ya fito. A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin wani soja a asibitin bariki na Kusantina a Aljeriya. A watan Agusta na 1897, shekarar da aka ba da umarnin kafa rundunar Lugga, Ronald Ross, likitan sojan Ingila a Indiya, ya same ta a cikin sauro. Ilimin sabo ne fil lokacin da hafsoshin farko suka sauka a Jabba, kuma da yawansu ba su gaskata ba. Wani ya sha kwinin yau ya manta gobe, ga giya, ga rana. Irin wannan shan na ganin dama shi ake dangantawa da zazzaɓin baƙin fitsari, wanda ya fi komai kashe Turawan bariki a shekarun nan.

Don haka aka yi asibiti a Lakwaja, aka yi a Jabba. Kada mai karatu ya hango bene. Rumfuna ne da gidajen katako da aka kawo a jirgi aka harhaɗa. Manufarsu ta farko a fili take: a tsare ran hafsan da aka kashe kuɗi aka kawo daga Ingila, in ya gagara a sa shi a jirgi a mai da shi gida.

Ka duba halin wanda aka ajiye a Illo, can ƙarshen arewa na wuraren da rundunar ta tsare a bakin Kwara. Jirgin hayaƙi ba ya wuce Jabba, saboda duwatsun ruwa na Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806. Wanda ciwo ya kayar a Illo sai kwalekwale ya gangara da shi wajen Yawuri, daga nan a yi ta fama da duwatsu, ko a sauke shi a ɗauka a amuku. Tafiyar kwana da kwanaki ce. Bature ke nan. Soja baƙar fata kuwa, in ba a ga alamar zai tashi da wuri ba, jinyarsa tana wurin matarsa a layin bariki, da sassaƙe da rubutun sha da abin da dirasa ya ba shi.

Ranar 1 ga Janairu, 1900, aka sauke tutar kamfani a Lakwaja, gwamnatin Ingila ta karɓi Arewa. Lugga ya zauna a Jabba, sannan a 1902 ya ƙaura zuwa Zungeru, wadda Hausawa ke kira Dungurum, a bakin kogin Kaduna. Nan ne asibitin ya fara samun kamanni. Asibiti biyu aka yi, kamar yadda aka yi a Lakwaja: na Turawa, mai nas-nas mata da aka kawo daga Ingila da gidan sauro da rufin kirki, da kuma na 'yan ƙasa. Na biyun nan ba na talakan gari ba ne. Masu cika shi su ne soja da ɗan sanda da leburan gwamnati da ɗan sarƙa, wato waɗanda gwamnati ke da buƙatar ƙarfinsu. Likitocin kuwa aiki biyu suke yi, yau suna duba akawu, gobe an haɗa su da ayarin yaƙi. Wasu ma suka bar allura suka koma mulki: Razdan na farko a Kano, Featherstone Cargill, likita ne.

Me ke kai soja asibiti a lokacin? Ba rauni ne kan gaba ba. Kurkunu ne, wanda kan kwantar da ƙato wata guda a kan tabarma saboda ruwan kududdufin da ya sha bara. Atuni ne, da ciwon haƙarƙari lokacin hunturu, da agana, da ciwon sanyi da tunjere waɗanda rahotannin likitoci ba sa gajiya da ambato. Sai gyambon ƙafa, domin sojan wancan zamani ba shi da takalmi. Da jar dara da ɗamara da ƙafa tsirara yake fareti, haka yake taka ƙaya daga Dungurum har Sakkwato, kuma bai sami takalmi sosai ba sai wajen Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da likita ya fi yi masa shi ne duba shi ranar ɗauka, yi masa lambar agana, da zagaya bariki a ga shadda da rijiya. Ba ƙaramin abu ba ne wannan. Mai yiwuwa lambar nan da tsabtar ruwa sun ceci rayuka fiye da gadajen asibitin duka.

Akwai wanda ya fi soja shan wuya, shi ne ɗan alaro. Duk ayarin yaƙi yana tafe da masu dako, sau da yawa sun fi masu bindiga yawa, kowa da akwatin harsashi ko kayan Bature a ka. Ba su da lamba, ba su da fansho, in sun faɗi a hanya a raba kayansu ga na kusa.

A irin wannan tsari aka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, aka ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, da taimakon ayarin da ya taso daga Argungu. A Burmi, a watan Yuli, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kibiya mai dafi ta kashe kwamandan Turawa, Manjo Marsh, likita na nan bai iya komai ba. A Satiru, a watan Fabrairu na 1906, talakawa da gatari da fartanya suka kashe Turawa uku da soja 25, likitan ayarin, Ellis, ya tsira da rauni. Da rundunar ta komo a watan Maris ta shafe garin, aka kashe mutane wajen dubu biyu. Duk wanda zai ba da tarihin asibitin soja da gaskiya dole ya faɗi wannan: asibitin na masu riƙe da bindigar ne, waɗanda bindigar ta samu ba su da gado a cikinsa.

Ilimin sauro ma da ya iso, an juya shi ta hanyar da ta dace da masu mulki. Masana biyu da aka turo daga Ingila, Stephens da Christophers, suka ce jinin yaran 'yan ƙasa shi ne matattarar cutar, don haka Bature ya nisanci inda suke kwana. Gwamnan Ikko, William MacGregor, wanda shi kansa likita ne, ya ƙi wannan shawara, ya ce a cike fadamu a raba kwinin ga kowa. Lugga ya bi ɗaya hanyar. Dokar garuruwa ta 1917 ta sa a bar fili yadi 440 tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa. Asalin unguwannin da muke kira Nasarawa da Ji'ara ke nan. Haka kuma da aka haɗa likitocin gwamnati na Afirka ta Yamma a ƙungiya ɗaya a 1902, aka rubuta cewa sai mai jinin Turawa zai shiga, alhali akwai 'yan Saliyo da 'yan Ikko da suka yi karatun likita a Edinbara, har wasunsu, irin su Africanus Horton, sun yi aikin likitan soja tun ƙarni na 19.

Dungurum ba ta yi ƙarko ba. Zafi ya yi yawa, sauro ya yi yawa, matar Lugga ma, Flora Shaw, ba ta jima ba ciwo ya mai da ita Ingila. Da dogo ya kai Kano a 1911, aka ga wuri mai iska a inda ya ƙetare kogin Kaduna. Soja suka fara ƙaura can a 1913, gwamnati ta bi su a 1917. Asibitin Dungurum ya mutu tare da barikin da ya haife shi. Ko gadar ƙafa ta Lugga ba a bar wa garin ba, an kwance ta an kai Kaduna a 1954.

Kafin ƙaurar ta kammala Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Sojan Nijeriya suka yi Kamaru daga 1914 zuwa 1916, Garwa da Mora, sannan aka kwashe su a jirgi zuwa Afirka ta Gabas. A kwarin Rufiji, a farkon 1917, damina ta yanke hanyar abinci, soja suka koma cin saiwa da duk abin da suka samu, wasu guba ta kashe su. Atuni ya yi wa 'yan dako kisan kiyashi. Waɗanda suka tsira suka komo a 1918, shekarar da murar nan da tsofaffi ke kira marisuwa ta sauka a Ikko a watan Satumba, ta bi dogo da kogi ta game ƙasa. An ƙiyasta ta kashe mutum wajen 500,000 a Nijeriya. Babu asibitin da ya isa ya tare ta, na soja ko na farar hula.

Yana da kyau a leƙa hayin iyaka a nan, domin mutanen Kandi da Gaya wani irin likitan soja suka sani dabam. Faransa ba ta raba likitan bariki da likitan gari ba. Kusan duk likitocinta na mulkin mallaka hafsoshin soja ne, waɗanda aka horar a makarantar Pharo da ke Marsai. A 1905 ta kafa tsarin ba da magani kyauta ga 'yan ƙasa a Afirka ta Yamma, a 1918 ta buɗe makarantar likita a Dakar don samar musu mataimaka. Wani daga cikin likitocin sojan nan, Eugène Jamot, ya ce jiran marar lafiya a asibiti ɓata lokaci ne, a fita a neme shi. Ayarinsa kan sauka a ƙauye, a tara kowa da kowa a layi, a lalubi wuya a nemi kaluluwar ciwon barci, wanda aka samu a yi masa allura ko yana so ko ba ya so. Daga 1941 Faransawa suka tilasta lambar shawara haɗe da ta agana. Wani likitan sojan nasu, Lapeyssonnie, shi ne a 1963 ya zana taswirar yankin da sanƙarau ke yawan faɗawa, zirin da ya ratsa Kebbi da Sakkwato da Kano.

Ba na cewa na Faransa ya fi tausayi. Hannun da ya kawo allura shi ne ya kawo aikin tilas da ɗibar samari soja, shi ya sa mutane da yawa suka tsallako zuwa ƙasar Ingilishi. Wasu magungunan ciwon barcin sun makantar da mutane. Amma bambancin yana nan: a can likitan soja ya je ƙauye da sanda a hannu, a nan ya zauna a bariki, aka bar ƙauye wa ɗakin shan magani na En'e da asibitin mishan, sai ma'aikatan ciwon barci da suka fara zagaye a shekarun 1930.

A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Dahome da Nijar suka bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila, har zuwa Nuwamba 1942. Layin da aka ja a 1898 ya sake zama iyakar da ake tsaro da bindiga, ana sa ido kan masu ƙetare kogi. Aka naɗa Janar George Giffard kwamandan Afirka ta Yamma. Ga kuma jiragen sama da ake harhaɗawa a Takoradi ana tuƙa su ta Ikko da Kano da Maiduguri zuwa Hartum da Alƙahira. Turawa suka cika ƙasa, aka shiga ɗibar soja ba ƙaƙƙautawa, har 'yan Nijeriya da suka sa kaki suka haura 100,000. Dakarkarin Zuru da Zabarmawa da Kabawa suna cikin waɗanda masu ɗiba suka fi so.

Rumfunan da ba za su ɗauki wannan taro ba. Sai aka kafa manyan asibitoci irin na rundunar Ingila, waɗanda ba a sa musu suna sai lamba. Giffard ya buɗe mai lamba 37 a Akkara a 1941. Akwai 34 a Firitawun, 68 a Yaba ta Ikko, 44 a Kaduna. Aka kafa rundunar ma'aikatan lafiya ta sojan Afirka ta Yamma, aka ɗebi samarin da suka ɗan yi makaranta aka koya musu wanke rauni, ɗaurin karaya, allura, duba jini a madubin likita. A karo na farko soja baƙar fata ya sami abin da za a kira asibiti ba tare da an ji kunya ba: ɗakin fiɗa, hoton ƙashi, gado da zanen gado. Ba don zuciyar masu mulki ta sauya ba. Sojan da aka kashe wata shida ana koya wa tuƙin mota ko aikin waya ya yi tsadar da ba za a bar kurkunu ya kwantar da shi ba. Albashin kurtu dai sule ɗaya ne a rana, kuma ɗakin jinyar Bature dabam yake.

A 1943 aka haɗa runduna ta 81 da ta 82, daga baya aka tura su Bama su yaƙi Japan. A can ma ciwo ya fi maƙiyi ɓarna. Janar Slim, kwamandan fagen, ya lissafa cewa a 1943 duk mutum ɗaya da aka kwashe saboda rauni, an kwashe 120 saboda cuta. Japan ta kama tsibirin Java a 1942, inda kusan duk kwinin duniya ke fitowa, sai aka koma wa wata ƙwaya rawaya, mefakirin, mai rina fata. Soja suka tsane ta, aka yi ta raɗe-raɗin tana kashe mazakuta. Slim ya sa a riƙa shanta a layi gaban hafsa, ana gwada mutane ba zato, kwamandan da aka samu mutanensa ba sa sha a tuɓe shi. Zazzaɓi ya ragu ƙwarai. Runduna ta 81 kuwa, da ta shiga kwarin Kaladan inda mota ba ta zuwa, da kai ta ɗauki kayanta, abinci ta sama ake jefo mata, masu rauni kuma a sare daji a yi ɗan fili ƙaramin jirgi ya sauka ya ɗauke su ɗaya ɗaya.

Ma'aikatan asibitin ma ba su tsira ba. A farkon Maris na 1944 sojan Japan suka buɗe wuta a kan wani rukunin masu jinya da ya kwana a bakin kogin Kaladan. Cikinsu akwai wani saurayi daga ƙasar Owo, Isaac Fadoyebo, wanda harsashi ya farfasa masa ƙafa aka bar shi a matsayin gawa. Shi da wani ɗan Saliyo, David Kargbo, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su yana ciyar da su wata tara, alhali in an kama shi kashe shi za a yi. Fadoyebo ya komo gida da ɗingishi, ya rubuta labarinsa da kansa. Yana cikin 'yan kaɗan daga dubban da suka je da muka ji abin da ya same su daga bakinsu.

Masu komowa daga fagen yaƙi, da guntun hannu da guntuwar ƙafa, su suka sa aka buɗe sansanin farfaɗo da soja a Igbobi ta Ikko a 1943. A nan ake gyara karayar da ta haɗe a karkace, a yi wa mutum ƙafar katako, a koya masa tafiya da sana'a. Da yaƙi ya ƙare, a watan Disamba na 1945, aka miƙa wurin ga ma'aikatar lafiya ta farar hula ya zama asibitin ƙashi. Bayan zuwan Sarauniya Elizabeth a 1956 aka liƙa masa sunan sarauta. Wannan shi ne asibitin sojan da ya tuɓe kaki gaba ɗaya, kuma a ganina shi ya fi kowanne amfanar talaka, domin ilimin da aka koya a jikin sojan Bama shi aka juya kan wanda mota ta take da wanda ya faɗo daga giginya. Kano ta sami nata asibitin ƙashi a Dala a 1959. Na Inugu ya taso ne daga masu raunin yaƙin basasa. A 1979 gwamnatin tarayya ta haɗa ukun ƙarƙashin hukuma ɗaya.

Akwai wani gadon da ba a cika lissafawa ba. Samarin nan da aka koya wa aikin jinya a bariki, da aka sallame su da yawa suka shiga asibitocin gwamnati da ɗakunan shan magani na En'e. Wasu kuma suka koma ƙauye da sirinji a aljihu suna yi wa mutane allura a kasuwa, musamman da fenisilin ya shigo aka ga yadda yake kashe ciwon sanyi da gyambo cikin kwana kaɗan. Son allurar da ya kama mutanenmu, har marar lafiya ya ga ba a yi masa magani ba in ba a tsira masa ba, yana da saiwa a nan.

A lardin Sakkwato kuwa abin ya zo a hankali. Illo, wadda Turawa suka cire daga Bargu suka haɗa da masarautar Gwandu tun farkon mulkinsu, ta koma gunduma a gefen ƙasa bayan an janye hankali daga iyaka. Birnin Kebbi ta sami babban asibitinta a farkon shekarun 1950, wanda ke ɗauke da sunan Sarkin Gwandu Yahaya. Yau akwai bataliya a barikin Dukku na Birnin Kebbi, akwai a Zuru, ga hedikwatar runduna ta 8 a Sakkwato. Tun da Lakurawa suka kai hari Mera ta ƙasar Augie a Nuwamba 2024, dazuzzukan yammacin Kebbi suka sake cika da soja. Tsarin jinyar bai sauya fasali ba: ɗakin magani na bariki, sai asibitin runduna, in rauni ya yi tsanani sai Kaduna, tafiyar yini guda cur a mota.

Asibitin 44 shi ne ya gaji duk wannan. Bayan 'yancin kai likitocin Ingila suka tattara, 'yan ƙasa suka karɓa. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya kumbura rundunar daga mutum wajen 10,000 zuwa kusan 250,000, a lokacin da Henry Adefope, wanda daga baya ya zama ministan harkokin waje, yake shugabantar sashen lafiya na soja. Kaduna ce hedikwatar runduna ta ɗaya, don haka jiragen ƙasa suka yi ta sauke masu rauni a can. Tun da rikicin Boko Haram ya tsananta, 44 ya zama inda ake kai waɗanda nakiya ta tashi da su a Borno da Yobe, a yanke abin da ba zai gyaru ba, a sa ƙafar roba. Ƙofarsa kuma a buɗe take ga farar hula masu biya, kuma can aka kai da yawa daga waɗanda aka harba a harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022.

'Yan uwansa masu lamba ma haka suka kasance. Na 37 a Akkara yanzu asibitin koyarwa ne, mafi yawan masu kwanciya a cikinsa ba soja ba ne, unguwar da tashar motar da ke gabansa ma da lambarsa ake kiransu. Na 34 a Firitawun, da cutar Ebola ta faɗa wa Saliyo a 2014, likitocinsa ne suka riƙe cibiyar jinya ta Hastings, inda ɗaruruwan farar hula suka warke suka koma gida.